Matakala Ɗari da Tamanin da Uku

A Balfaraiso gidaje hawa suke,
kamar awaki a gefen dutse,
teku na can ƙasa yana wanke wa gari ƙafa.

Gidan su Maite ne na ƙarshe a sama.
Ni da ita tun muna cin ƙasa.
Keken guragunta ta raɗa masa suna Guguwa,
ni ke turawa, ita ke faɗa.

Akwai ɗan tarago da igiyar ƙarfe ke ja,
shi ke sauke mu makaranta.
Ran wata Talata ya yi tari, ya tsaya cak.
Aka rataya kwali: “Ana gyara.”
Kwalin ya sha ruwa har rubutun ya gudu.
Wata biyar kujerar Maite a aji
jakunkunanmu ke zama a kai.

Na kai mata aikin gida, ta ce, “Fabiyan,
taki nawa ne tsakanina da allo?”
Na ce oho. Ta ce, “Ƙirgo.”
Ɗari da tamanin da uku,
da guda ɗaya mai karyayyen baki.

Muka sace alli. To, aro muka yi.
Kowace matakala muka ba ta suna:
tsohuwa Firesiya mai ciwon gwiwa,
Eladiyo makaho mai gyaran akodiyon,
maman Tomas da cikinta ya tsufa.
Ashe ba Maite kaɗai tudu ya tsare ba.
Ruwa ya wanke, muka sake.
Ya kuma wankewa, Tomas ya kawo fentin babansa.

Ran Juma'a ajinmu kaf ya ƙi shiga aji.
Muka ɗauki allo a ka, mu ashirin da shida,
Malam Ernan a baya yana haki yana ƙirga,
aka yi darasin lissafi a ƙofar gidansu.
Maite ce ta fara ɗaga hannu,
kuma ba ta ci amsar ba.

Wasiƙarmu ta je ofishin magajin gari
da tabon miya a kusurwa.
Mako uku shiru.
Sai ga wani mutum da gwangwanin man giris
yana karanta sunaye yana hawa a hankali.

Tarago bai tashi ba tukuna.
Amma jiya da dare na ji igiyar ta yi ƙara,
na leƙa taga, fitilar Maite a kunne,
ita ma ta ji.