Hodar Jarirai

Da ƙafa ya turo ta tun daga Kakuri,
Malam Barau, gumi har gindin wuya,
tsohuwar Honda da ya saya da albashin masaƙa
tun injinan saƙa na hana unguwa barci.
Ya ce, "Ilu, fitsarin kwance take mini.
Kullum safiya sai na tarar da tabo a zaure,
baƙi, faɗin murfin kwano."

Na ce a kafe ta, kada kowa ya taɓa sifana.
Mai maƙaryaci ne,
inda ya ɗiga ba nan ne gidansu ba.
Iska ta kora shi baya, zafi ya tsinka shi,
ya bi haƙarƙarin inji yana laɓe-laɓe,
ya sauka ƙofar wanda bai ji ba bai gani ba.
Gaskit nawa aka yanke wa hukunci a Panteka
mai laifin na sama yana dariya?

Sagiru ya kawo kananzir da tsohon buroshi.
Muka wanke dauɗar shekara da shekaru
har ƙarfen ya fito fari kamar furfura.
Rana ta shanya mana.
Na aike shi kanti ya sayo hodar jarirai,
maƙwabta suka kwashe da dariya:
"Ilu zai yi wa tsohuwa kwalliya!"
Na barbaɗe ta tas, na shimfiɗa kwali a ƙasa,
na taka kik sau uku. Ta yi tari, ta kama.

Rabin wannan aiki jira ne.
Sil ɗin giya a bushe.
Murfin kuloci ya ɗan yi gumi, irin na tsufa.
Sai da ƙarfe ya ɗau zafi ya saki jiki,
can ƙasa, gefen notin juye mai,
wani baƙin zare ya tsiro cikin farar hoda,
bai kai kaurin gashin gira ba,
yana tafiya a hankali kamar ana rubutu.

Na kashe ta, na ƙwanƙwasa da sifana.
Lafiyayyen ƙarfe amsawa yake, garau;
nan kuwa muryar ƙwaryar da ta sha ƙasa ce.
Na kankare da bakin wuƙa.
Fentin azurfa ya ɓare, ƙarƙashinsa gam,
busasshe, an danna shi da babban yatsa,
har zanen yatsan na nan.

Na san yatsan.

Shekara goma sha tara ke nan, ina yaron Oga Lasisi,
ƙarfi ya iso, hankali na hanya.
Na ɗaure notin nan, na ƙara, na hau da ƙafa,
na ji ƙas, kamar an karya tsinke.
Oga na masallaci.
Na kwaɓa gam, na shafa fenti,
na karɓi tukuicin naira ashirin har da godiya.

Na ɗago, yawu ya ƙafe mini.
Na ce, "Malam, tsagar nan aikina ce."
Ya tsuguna, gwiwoyi na ƙara,
ya daɗe yana kallon zaren.
Ya ce, "Ranar na ga azurfa a farcenka.
Na ce bari in ga iya inda ƙaryar yaro za ta kai ni.
Ta kai ni Zariya, ta kai ni Kafanchan sau biyu,
ta kai Ladi asibiti daren haihuwar Talatu.
Masaƙar ma ba ta yi wannan ƙarko ba."

Gobe za mu sauke inji, mu raba shi biyu,
mu huda ƙarshen tsagar kada ta ci gaba,
in kai wa Bulus mai waldar alminiyam.
In ta ƙi, masu narka tukwane na bayan layi.
Na ce ko sisi ba zan karɓa ba.
Ya ce kuɗin hoda dai sai ya biya.

Ya tafi bakin titi tsaron mota.
Hannuna na ƙanshin jariri da baƙin mai.
A kan kwalin ɗigo uku ne,
na huɗu na taruwa.