Takalman Babana

Shekara talatin da ɗaya babana Habila, mai gyaran rediyo,
yana kwana da takalmansa jere a bakin gado,
bakinsu na duban ƙofa,
kada a busa ƙaho a same shi yana lalube.
Rufin gidanmu na Asawasi yana yoyo wuri uku,
bokiti uku gare mu, kowanne ya san wurinsa.
In an ce, Baba, kwanon nan ya ci tsatsa,
sai ya ce, wa ke shafa wa rumfa fenti kasuwa na gab da tashi?

Ya ƙi sayen fili a Abowabo yana arha kamar gishiri.
Ko lemo ya ƙi dasawa.
Duk yaƙin da rediyo ta ambata, duk girgizar ƙasa, duk fari,
yana rubutawa a bayan kalanda da jan biro,
kamar mai bin bashi yana ƙirga ranar biya.

Wata damina ido ya fara gaza masa,
ni na koma karanta masa da dare.
Yakan tsayar da ni: Rahila, koma baya. Sake.
Na sake. Ya ce, da wa ake magana a nan?
Na ce, da mu.
Ya ce, a'a, da waɗanda ke tsaye a wurin ne,
masu ƙarnin kifi a hannu.
Su aka ce wa za su gani da idonsu, kuma sun gani.
Rumawa suka kewaye birnin,
Haikali ya ci wuta,
aka naɗe tabarmar wancan zamani.
Ya yi shiru. Ruwa na ɗiga a bokiti na biyu.
Ya ce, ashe an yanke shari'ar tun ba a haifi kakan kakana ba,
ni ina bakin kotu riƙe da takalmi,
alƙali ya daɗe da tashi.

Ranar Lahadi ya faɗa wa dattawan coci.
Fasto Atinga ya cire tabarau, ya goge, ya mayar,
ya ce, to matattu fa, Habila?
Kaburburan Tafo har yau a rufe suke.
Aka karɓe mabuɗin akwatin baiko daga hannunsa,
ya koma bencin baya kusa da taga,
inda ake jin mai dokunu tana kiran ciniki.

Inna ba ta ja da shi a kan aya ba.
Tana tankaɗe ta ce,
in an gama shari'a, wa zai tsayar mini da direban
da ya take Ishaya a hanyar Tamale ya gudu?
Shekara goma sha tara ina ajiye da ƙarar nan.
Baba ya buɗe baki, ya rufe.
Daren nan tuwo ya kwana a rufe.

Ranar Litinin na ga abin da ban taɓa gani ba,
tsoho a kan tsani, ƙusa a baki,
kwano shida sababbi daga Kejetiya.
Ya je ya biya Alhaji Sumaila kuɗin waya
da ya ci tun zamanin tsohon sidi,
ya ce masa, da na ɗauka wuta za ta cinye littafin bashinka.
Ya tona rami bayan ɗaki ya sa ƙwallon fiya.
Na ce, Baba, sai ta yi shekara bakwai kafin ta yi 'ya'ya.
Ya ce, ai akwai lokaci. Shi ne abin da ban sani ba.

Ya rasu bara, saura mako biyu Ista.
Ni dai har yau ban san mai gaskiya ba.
Ina zuwa coci, in jama'a ta ce zai sāke dawowa ina faɗa tare da su,
sai dai muryata takan yi ƙasa daidai wurin.
Inna ta gaji takalman,
ta jera su bakin gadonta suna duban ƙofa.
Fiyar ta kai mini kafaɗa.
Da bokitan nan uku nake ba ta ruwa.