Daren Laraba a Shagon Gidado

Duk daren Laraba, tara da rabi,
Gidado kan ɗage ƙafa daga keken ɗinki,
ya murɗa kunnen rediyon nan mai ɗaurin roba.
Mu jeru a benci, lungunmu na Jekadafari ya yi tsit,
sai ƙarar inji: Keken Ɗan Tani ya ɗauki hanya.

Wai bakanike ne, ya haɗa injin markaɗe da agogon bango
a cikin gawar wata a-daidaita-sahu,
in ya ba ta wuta, sai ta ɓulla shekarun baya.
Ba wanda ya taɓa ganin ta. Kunne ya ƙera mana ita,
kowa da fentin tasa:
tawa ruwan ɗorawa ce,
Iliya ya rantse tasa koriya.

Kiɗan rufewa na mutuwa, sai kotu ta zauna.
Bappayo mai cajin waya ya miƙe:
"Ya koma ya hana kakansa sayar da gona. To, madalla!
In gona na nan, ubansa bai shigo birni ba,
bai ga uwarsa a layin famfo ba.
Wa ya haifi mai keken ke nan?
A ba ni amsa, ko marubucin ya ji kunya."

Malam Sa'adu ya ja carbi, ya ce bakin alƙalami ya bushe,
abin da ya wuce ko giwa ba ta janyo shi.
Amma shi ke riga kowa shimfiɗa buzu,
kuma shi ya daka tsawa, "Taka birki, yaro!"
ran da keken ya nufi rijiya.

Adda Kulu mai ƙosai ba ruwanta da kakan wani.
"Ya ɗauke ni kawai, da buhu biyu,
ya sauke ni zamanin da mudun wake ke sule."
Bappayo ya ce, "Ki biya da me?
Takardar kuɗinki ta yau, a can ai sunanta ƙarya."

Sai Baba Manu, mai shekara talatin a reluwe,
ya furzar da goro.
"Wancan mako sun kai shi tasha,
wai jirgin auduga na shigowa Gombe.
Ba haka jirgi ke kuka ba!
Wannan kwalba ce wani yaro ke hurawa.
Jirgi daga ƙirji yake kuka, ƙasa ta amsa masa."
Ya cika kumatu zai nuna mana,
muryar ta tashi, ta tashi,
ta tsinke a tsakiya.
Ba wanda ya dubi idonsa.
Gidado ya duƙa neman allurar da ke maƙale a wuyan rigarsa.

Ni ba na sa baki. Ni ne mai kawo batir.
Amma da Ɗan Tani zai ci birki a ƙofar shagon nan,
ba zan roƙi shekara ɗari ba.
Wata Asabar ce kawai, bara waccan,
ina cinikin taya a Tashar Dukku,
waya ta yi kuka sau uku a aljihuna,
sunan Yaya Habu a fuskarta.
Na ce bari in gama.
Na ji dokar wasan, ba a taɓa komai a can,
ba zan tare motarsu ba.
Minti biyu. In ɗauka, in ce, "Ina jin ka, Yaya."

Laraba mai zuwa kashi na ƙarshe.
Bappayo ya sa kwalbar lemo, wai can zai maƙale.
Malam ya ce shi kam ya daina zuwa.
Baba Manu ya ce in akwai jirgi a tashe shi.
Na sayi batir huɗu sababbi,
suna aljihuna tun jiya.