Kashi na Sha Biyu

Ranar kasuwar Maigatari
na ba mai caji ɗari biyu,
ya tura mini katun ɗin Japan, kashi goma sha ɗaya.
Na sha biyun, in ji shi, ya ƙi buɗewa.
Na kalle su a bayan rumbu har batir ya yi ja.

Da safe ina jan zugazugai ina gyangyaɗi.
Kaka Na'iya ya nuna ni da awartaki:
"Tasi'u, me ya cinye maka dare?"

Na ce, wani birni ne, Kaka,
inda wuta ta daina jin magana.
Takan tashi ba ashana, ba garwashi,
ta yi kafaɗu, ta yi haƙora,
ta bi titi tana leƙa tagogi.
In an watsa mata ruwa sai ta sha ta yi gyatsa.
Shi ne aka tara 'yan kwana-kwana
waɗanda su ma wutar ce a jininsu.
Babbansu mai tabo a wuya
yakan kurɓe harshenta kamar kunu,
ya adana a ƙirji, tari ya hana shi barci.
Wata kuma kaɗa ta take yi kamar abawa,
ta ɗaure gobara da zarenta.
Ƙaraminsu sa'ana ne,
shi inuwarsa ce ke ci,
in ya tsaya a rana sai mutane su matsa.
Gari na tafa musu in sun kashe,
amma ba mai ba su hayar ɗaki.

Kaka ya juya bakin fartanya cikin gawayi.
"Albashi fa?"
Na ce ba a nuna ba.
"To wa ya kunna ta tun farko?"
Na ce wannan yana kashi na sha biyu.
Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.

Sai ya sa yatsu biyu ya ɗauko garwashi,
ya mirgina shi a tafin hannu kamar ƙwallon dabino,
ya mayar.
"Mu ma an tafa mana a wasan maƙera.
Amma ba ni na fi ta ƙarfi ba, yaro.
Mun dai daɗe tare, na san lokacin sakinta."

Kwana tara bayan nan, bayan lisha,
fitila ta faɗi a ɗakin Barira.
Jinka ta kama, danga ta karɓa.
Motar kwana-kwana tana can Gumel,
wayata kuwa a mace,
ni na kashe ta da maimaita kashi na bakwai.

Wannan ba ta da kafaɗu, ba ta da haƙora.
Ci kawai take yi, tana ƙara kamar ana yage sabon yadi.
Mata da bokitai daga rijiya,
mu da yashi a kwanon awo.
Na juya ina neman Kaka,
ina jiran ya ratsa ta da ƙafa.

Bai ko matsa kusa ba.
Yana can gaba, inda ba ta iso ba tukuna,
yana raba gatura da laujen da ya ƙera:
"Ku kwantar da dangar Mudi! Ku sare!
Ba a kokawa da ita, abinci ake janye mata."

Ta iso fili, ta lalubo, ba ta sami komai ba.
Ɗaki biyu suka tafi, da akuya guda, da tabarmin sayarwa.
Rumbunan gero suna tsaye.
Ba wanda ya tafa.
Barira ta zauna tana tone kwanoninta daga toka.

Da gari ya waye, tafina duk bororo,
ina jan zugazugai da gwiwar hannu.
Kaka na gyara bakin gaturan da suka dakushe.
Can, bai ko ɗago ba, ya ce:
"Alhamis in ka je, ka sake tambayar mai cajin nan.
Yaron da inuwarsa ke ci,
ina so in ji ko ya sami ɗaki."