Riga Ta Goma Sha Takwas

Ni ce na wanke rigunan waccan kaka,
ni Casilda Yujra, 'yar mai haƙar kuza.
Jarida ba ta taɓa buga sunana ba,
amma duk gumin da aka zubar a kofin nahiya
ta hannuna ya bi kafin ya koma ƙasa.

Garinmu na bisa tsauni, inda iska ba ta da kauri.
Baƙi daga bakin teku sukan sauko daga mota
da tukwanen iskar shaƙa, kamar masu jinya.
Minti ashirin, sai ka ga hannu a ƙugu,
harshe a waje, ido na neman benci.
Namu kuwa a nan aka yanke musu cibi.
Uku muka ɗura wa na farko,
na biyu suka tafi da huɗu a aljihu.

Litinin da asuba nakan fasa ƙanƙarar bakin baho
da dutsen da nake danne ƙofa.
Ba na duba lamba, tabo ke gaya mini mai ita.
Ta Nemesio gola, laka har hammata.
Ta Hilarion fes, don bai yarda ya faɗi ba.
Ta Fermin, mai lamba takwas,
wuyanta a tattaune kamar akuya ta samu,
in tsoro ya kama shi, riga yake ci.

Muka haye rukuni, muka haye zagaye na gaba.
Mahaƙa suka riƙa fitowa daga rami da fitila a goshi
suna tambayar nawa da nawa kafin su nemi ruwa.
Mai sayar da dankali ta daina bina bashi.

Sai wasan kusa da na ƙarshe.
A gida ɗaya da nema, ƙyar da jini.
Na ninke goma sha takwas da hannuna,
na sa ganyen koka a kusurwar akwati,
suka gangara can inda zafi ke da nauyi,
inda aka ce filin ya fi garinmu mutane.

A rediyon maƙwabci na ji sauran,
batir na mutuwa, murya na zuwa tana komawa.
Aka rama. Aka ƙara lokaci. Aka je fenariti.
Da mai sharhi ya ambaci sunan Fermin
na san abin da ke tsakanin haƙoransa.
Ƙarar ƙarfen raga ta iso har tsakar gidanmu.
Maƙwabci ya kashe rediyo a hankali,
kamar mai rufe idon mamaci.

Ran Juma'a akwati ya dawo yana warin gishiri.
Na ƙirga, na sake ƙirgawa:
goma sha bakwai namu, shuɗɗa,
da wata rawaya, baƙuwa, mai lamba biyar.
Aka ce mai ita ne ya ɗaga Fermin daga ciyawa,
ya tuɓe tasa ya miƙa masa, bai ce uffan ba.

Na daɗe ina kallonta a bakin baho.
Na so in ba kare ya kwanta a kai.
Sai na juya wuyanta,
na ga shi ma a tattaune.

Na sa mata sabulu daidai da na sauran,
na shanya ta a tsakiyarsu.

Yau shekara nawa? Ramin kuza ya rufe.
Nemesio na tuƙa bas a babban birni,
an sayar da Hilarion ƙetaren teku.
Fermin kan wuce da jikarsa ran kasuwa,
ya ɗaga mini hula, ba ma tada zancen.
Igiyar tana nan inda take.
In iska ta kaɗa ta da yamma,
bakina kan fara ƙirga da kansa,
ya kai sha bakwai, ya ɗan tsaya.