Lissafin Ƙanƙara

Ni ce mai ƙanƙara a bakin tekun Masinlok.
Sunana Perlita. Littafin bashina ya fi ni ƙiba.
Ƙarfe uku na dare masunta ke zuwa,
kowa ya ɗauki dunƙule shida, ya ce, "Sai mun dawo."
In rubuta.
Ita ƙanƙara ba ta san jira ba.

Shafi na sha bakwai na Mang Rosauro ne.
Shekara talatin yana kai kwalekwalensa wajen duwatsun nan na tsakiyar ruwa
inda ubansa ya koya masa karanta iska.
Ran Talata ya dawo, taru a bushe, riga sharkaf.
Wani farin jirgin Sin ne ya sha gabansa,
tsayinsa ya kai cocinmu har da hasumiya.
Aka yi masa tsawa ta lasifika,
sannan aka sako masa mesa.
Ruwan da ya ci da shi, ya aurar da 'ya'ya uku da shi,
da shi aka harbe shi.

Ran Alhamis abokan alkawari suka iso,
Amurkawa, da jirage masu toshe kunne.
Atisaye za a yi, don a kāre mu.
Saboda haka kwana biyar ba mai fita su.
Aka raba shinkafa a ofishin unguwa, da kifin gwangwani bibbiyu.
Kifin gwangwani, ga masunci!
Rosauro ya yi dariya har ta zame masa tari.

Rediyo ta ce kafaɗa da kafaɗa muke da su.
Na taɓa tsayawa kusa da ɗayansu a kasuwa,
yaro ne mai ladabi, yana tayin mangwaro.
Kafaɗata a gwiwar hannunsa ta tsaya.

Kada a ce na yi butulci.
Injin da ke daskarar mini da ruwa daga Sin ya zo,
kuɗin da na saye shi kuwa ɗana Dionisiyo ya aiko
daga gidan tsofaffi a Kalifoniya, inda yake juya marasa lafiya da dare.
To wa zan zaga, da wane bakin?
Na ci ladan kuturu hannu biyu,
ban san kan wa zan fara askewa ba.

Duk shekara huɗu mukan kasa kunne
ga zaɓen da ba mu da ƙuri'a a cikinsa,
mu ji ko sabon mai gidan can
zai tuna da takardar da na da ya sa wa hannu,
ko zai zauna da mai farin jirgin su sha shayi
su raba tekun kamar gurasa.
Inuwarsu irin ta bishiyar kwakwa ce:
kana gindinta, rana na dukanka.

Jiya da asuba Rosauro ya ƙwanƙwasa.
Ya ce huɗu kawai, ba zai yi nisa ba,
kifin gaɓa ƙanana ne amma ba mai gadinsu.
Na naɗe masa a buhu da ƙaiƙayin shinkafa.
Shafinsa ya cika,
sai na juya littafin a karkace
na rubuta a gefe.