Layi na Biyar

Shekara goma sha tara ina riƙe da littafin nan
a bakin ɗakin awo, Domayo, cikin Marwa.
Suna, shekaru, ƙauye, ciwo:
layi huɗu gwamnati ta buga.
Na biyar ni na ja da fensir a gefe:
wa ya ji abin da ta ce?

Maiwore ta zo daga bayan Kaele,
ba wani harshe a bakinta sai Tufuranci.
Likita ya tambaya da Faransanci,
na juya da Fillanci, na ƙara da Hausa.
Ta dafe ƙeya, ta nuna ido,
ta yi ta motsa yatsu kamar walƙiya.
Muka rubuta zazzaɓi.
Ashe hawan jini ne.
Da cikin wata takwas aka mai da ita gida a liƙe cikin tabarma.

Dijja kuwa a kan benci ta kwana,
takardar tiyata na jiran hannun miji,
miji na bayan shanu can wajen Lagdo.
Jini bai san jiran makiyayi ba.

Ranar kasafi na ɗauki littafin zuwa majalisar gari.
Wani mai babbar riga ya ce,
"Malama Zulai, ai ciwo ba ya tambayar yare."
Na ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe.
Magani ne ke tambaya."
Na karanta sunaye arba'in da ɗaya.
Shayin gabansu ya huce.

Damina biyu kafin takarda ta fito da hatimi:
tafinta uku a kan albashi,
mace mai hankalinta ta sa wa kanta hannu,
keken ɗaukar mai naƙuda ya kai har ruga.

Kada in yi ƙarya.
Albashin yakan makara,
keken yakan kwana ba mai,
in rafi ya kawo, ƙauyen tsallake sai addu'a.

Amma jiya wata yarinya ta shigo,
ta yi magana, Habga tafinta ya ce,
"Kanta na sarawa, tana ganin taurari da rana."
Aka ɗaura awo a damtsenta nan take.

Na buɗe sabon littafi.
Layi na biyar yana nan, bugun inji.
Na ajiye fensir,
na rubuta da biro: an ji.